Ya Ce In Ajiye, Ni Kuma Na Mayar Jaka

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan mujalla, kuma a sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ba ni kaɗai ya shafa ba. A lokacin da abin ya faru, kafin zuwan korona, ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da ke Dubai, ni ne mai bin sawun kwantena tun daga saukarta har ta bar tashar. Muna zaune a unguwar Karama ni da matata, a wani ɗan ciki da falo da ke saman shagon wani Ba'indiye mai sayar da kayan miya. Ina da ƙuruciya, ina da albashi, sannan ina da wani abu da nake ji da shi fiye da albashin, wato ana cewa ina da ladabi. Duk baƙon da ya zo daga gida sai ya koma yana ba da labarin yaron nan da zaman Dubai bai lalata ba. Ni kuwa in na ji haka sai kaina ya kumbura, har na riƙa kallon abokan aikina masu miƙa wa manya hannu a tsaye kamar waɗanda ba su sami tarbiyya ba.

Matata ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, ɗan kasuwa ne a Kano, yana zuwa sarin yadi da takalma a Deira, unguwar kasuwanni a nan Dubai. Tunda na shiga gidansu ban taɓa jin ya ambaci sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan, ni kuma Malam yake ce mini, shi ma ɗin ba kasafai ba. In ya zo ba ya kwana a wajenmu, otal yake kamawa kusa da ofishin wani amininsa mai harkar kago, wato tura wa 'yan kasuwa kayansu gida. Matata takan yi tuwo da miyar kuka ta zuba a kula, in ɗauka in hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, in kai. Ina shiga sai in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, in ajiye kular a gefe, in fita. Ban taɓa ganin ya sa wani abu a bakinsa ba, ko da goro ne, shi ma bai taɓa ganin na sa ba. Kusan duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin aminin nan take bi, shi kuwa mutum ne mai barkwanci, yakan ce mu biyun mun mayar da shi ɗan aike ba ko sisi.

Akwai lokacin da abokan aikina suka ja ni muka je hawan duwatsun Hatta, na dawo da hotuna ina ta nuna wa jama'a. Aminin Baba ya gani a wayata, ya kai wa Baba. Ba a jima ba aminin ya kira ni ya ce Alhaji, wato Baba, ya ce shi fa ya gaji da ganin gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, yana so kafin ya koma a kai shi wajen duwatsun nan. Ashe a ƙauyen da ya tashi a kan dutse suka yi kiwon awaki, kuma rabonsa da taka dutse tun yana saurayi. Na yi murna ƙwarai, don ban taɓa samun abin da zan yi masa da kaina ba. Muka tsayar da ranar Asabar. Sanyi ya riga ya wuce a lokacin, zafi ya fara leƙowa, amma na ce in muka yi sammako za mu sauko kafin rana ta take.

Matata tana da tsohon ciki a lokacin. Ita ta shirya mini jakar goyo, ta cika ta da robobin ruwa da dabino, har na ce mata ko hijira za mu yi. A bakin ƙofa ta riƙe hannun jakar ta ce in lura da Baba, yana shan maganin suga da na hawan jini, kuma ba zai taɓa faɗa mini in wani abu ya dame shi ba. Na ce mata yanzu ita ce za ta koya mini yadda ake kula da manya? Ta sakar mini jakar. Wannan amsar da na ba ta har gobe tana ci mini rai.

Aminin Baba ne ya tuƙa mu. Da muka isa gindin duwatsun, kusa da wata gonar dabino, ya fito ya ɗaga kai ya dubi hanyar da za a bi, ya ce khalas, wato shi ke nan da Larabci, shi gwiwarsa ba za ta iya ba, kuma bai zo Dubai don ya zama akuya ba. Ya shimfiɗa darduma a inuwa ya fito da filas ɗin shayinsa, ya ce yalla mu tafi, mu bi shwaiya shwaiya, wato a hankali, yana nan yana jiranmu. Gabana ya faɗi, don ban taɓa zama ni da Baba mu biyu kaɗai ba, amma ban nuna ba. Aminin ya miƙa wa Baba wata ƙaramar robar ruwa ya riƙe a hannu. Ni kuma, sarkin ladabi, na yi maza na karɓe ta na jefa a jaka, na ce ai babba ba ya ɗaukar kaya ina tsaye. Baba ya ce madalla. Da haka duk ruwan da muka zo da shi ya koma bayana.

Wanda bai ga duwatsun nan ba zai yi wuya ya gane. Ba irin namu ba ne masu santsi da ake shanya a kai. Baƙaƙe ne da ja-ja, kamar an ƙone su, kuma an ce asalinsu narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa tun zamanin da. Duk inda ka taka tsakuwa ce mai kaifi tana zamewa, ba itace ba ciyawa sai 'yan ƙayoyi jefi-jefi, sai busasshen rafi a ƙasa. An shafa fenti a jikin wasu duwatsu don nuna hanya. Baba ya shige gaba cikin farar rigarsa da hula, carbi a hannu, yana tafiya kamar ba mai shekara kusan sittin ba, ni kuma ina biye da 'yar tazara kamar yadda ya dace. Wani lokaci yakan tsaya ya nuna kashin awaki ko wata ƙaya, ya faɗi sunanta yana kallon gabansa, kamar da iska yake magana. Na ga yana jin daɗi, ni ma sai na saki jiki.

Da hantsi ya yi muka tsaya a wani ɗan lungu mai inuwa. Baba ya zauna a kan dutse ya cire hula yana fifita da ita, gumi ya jiƙa masa riga. Na sauke jaka na ciro robar ruwa, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu na ce Baba ga ruwa. Bai dube ni ba, ya ce Alhamdu lillahi, ajiye. Ni a kunnena abin da na ji shi ne ba ya bukata yanzu, in adana sai an jima. Sai na mayar da robar cikin jaka, na ja zif, na koma gefe na tsuguna ina jiran ya tashi. Ya ɗan jima yana kallon ƙasa, sannan ya mayar da hularsa ya ce bismilla. Muka ci gaba.

Daga nan rana ta fara aikinta. Duwatsun suka ɗauki zafi kamar tandar masa, har ta cikin takalmi kana ji. Maƙogwarona ya bushe, harshena ya yi nauyi, amma yaya zan ɗaga roba in kafa kai a gaban surukina? Da abin ya ishe ni, sai na bari ya sha wata kwana, na laɓe a bayan wani ƙaton dutse, na shanye roba guda a tsaye, na goge bakina, na ɓoye robar a ƙasan jaka, na bi shi da sauri kamar ban yi komai ba. Edita, a nan ne wautata ta cika. Na san ni ba zan iya sha a gabansa ba sai na ɓuya, amma bai zo mini a rai ba cewa shi ma haka yake, kuma shi ba shi da jaka. Na riƙa tambayarsa Baba ya gajiya, yana cewa ba gajiya. To me nake so ya ce? Wace amsa ce dama Bahaushe yake bayarwa? Na sake yi masa tayin ruwa sau ɗaya muna cikin tafiya, daga bayansa, ya ɗaga hannu kawai bai juyo ba, na ɗauka ya ƙoshi. Har ina ce wa raina mutanen da akwai juriya.

Mun hau har inda ake hango gonaki da farin masallacin ƙauye can ƙasa, muka juyo ta wata hanya da ke gangarawa cikin kwari. A nan na lura rigarsa da ta jiƙe ɗazu ta bushe ƙarau, na ɗauka alamar ya huta ce. Na lura carbin ya daina motsi a hannunsa, sannan ya fara taka tsakuwa ba tare da ya duba ba. Duk ban farga ba. Abin da ya farkar da ni shi ne da ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya kira sunan matata. Sunanta na yanka, ɓaro-ɓaro, har sau biyu, ya ce a gaya mata ta kore awakin nan daga bakin rijiya. Jikina ya yi sanyi a cikin wannan zafin. Mutumin da tunda aka haife ta bai furta sunan nan ba, in har ya furta shi to ba ya cikin hayyacinsa. Kafin in ƙarasa wajensa gwiwoyinsa sun saki, ya zube a kan tsakuwa.

Duk kunyar da na yi shekaru ina tattali, a nan ta watse. Na ja shi zuwa gindin wani dutse, na cire masa hula, na ɓalle masa riga, na ɗora kansa a cinyata. Jikinsa zafi kamar garwashi, leɓɓansa sun tsage. Na riƙa ɓalle robobin nan ina kwarara masa a ka da ƙirji, ina fifita da hularsa, ina kiran Baba, Baba, ina salati. Da ya ɗan motsa na ɗiga masa a baki, ya haɗiya da ƙyar. Ina kuka ina kallon robobin da ke zube a gabana, ga ruwa har ya yi yawa, ruwan da tun safe yake bayana yana yi mini nauyi. Na ciro waya, babu sabis a cikin kwarin. Sai na jefar da jakar, na cusa roba ɗaya a aljihu, na goya surukina a baya kamar yaro, na kama hawa. Ban san yadda na yi ba. Na faɗi ya fi a ƙirga, tsakuwa ta yayyanka mini gwiwa da tafin hannu, ina jin numfashinsa a wuyana, in ya yi shiru sai in girgiza shi. A kan wani tudu wayar ta kama, na kira amininsa. Mutumin nan mai barkwanci, da ya ji muryata bai tambayi komai ba sai inna lillahi, ya ce in tsaya inda nake. Shi ya kira masu ceto, suka hau da gadon ɗaukar marar lafiya suka same mu.

A asibiti likita ya ce zafin rana ne ya buge shi, ruwan jikinsa ya ƙare, kuma abin ya taɓa ƙodarsa wadda dama suga ya riga ya raunana. Ya tambaye ni ko ba mu tafi da ruwa ba ne. Na ce mun tafi da shi. Ya dube ni yana jiran ƙarin bayani, ni kuwa ban san da wane Turanci zan bayyana masa ba. Matata ta iso da cikinta tana haki, ita ma tambayarta ke nan, ina ruwan da ta zuba mini. Na ce yana bayana. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dai zauna a kujera ta rufe fuska da mayafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan da Baba ya farfaɗo ya fara magana sannan na san ainihin abin da na yi. Amininsa ya ja ni waje ya ce, Malam, in ka kai wa Alhaji kula a otal yaya kake yi? Na ce ina ajiyewa in fita. Ya ce to abin da ya ce ka yi ke nan a kan dutsen. Ya ce ka ajiye, wato ka dire masa a nan ka ba shi wuri ya sha. Yana zaune yana jira ka ɗan kewaya bayan dutse, sai ya ji ƙarar zif. Ya ce Alhaji ya gaya masa tun a lokacin ƙishirwa ta kama shi, amma da ya ga na mayar, sai ya ɗauka ko ruwan ne ba shi da yawa nake tattali, kuma bakinsa ba zai iya buɗewa ya roƙi mijin 'yarsa ruwa ba. Tayin da na sake yi masa kuwa, muna tafe ina bayansa ina kallonsa, ta yaya zai karɓa? Sannan ya ce Alhaji ya yi rantsuwa duk wanda ya ɗora mini laifi a cikin iyalinsa bai yafe ba. Na jingina da bango na zame har ƙasa. Kalma ɗaya ce, wadda nake ji kullum tun ina yaro, kuma ni da nake taƙama da sanin al'ada ni ne na kasa fahimtarta a ranar da take da amfani.

Baba ya koma Kano, amma ƙodar ba ta dawo daidai ba. Aka sa shi a wankin ƙoda, ya bar zuwa Dubai, ƙannen matata suka karɓi kasuwar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne likitoci sun taƙaita masa shan ruwa. Mutumin da ya rasa ruwa a ranar da yake bukatarsa, yanzu ga shi a gidansa, ga randa ga firji, amma sai an auna masa a wani ɗan kofi.

Da na sami hutu muka je gida da jaririyar da aka haifa mana. Na shiga ɗakinsa na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba. Ya rame, ya yi baƙi, amma muryarsa tana nan. Ya ce in matso. Na matsa kaɗan, ya ce in ƙara, har sai da na zauna a kan dardumarsa. Ya sa aka kawo ɗan kofinsa da wani babban kofi cike da ruwan sanyi, ya tura mini babban da hannunsa. Ya ce, Malam, kunyar nan mun yi ta har ta ishe mu, ka goya ni a bayanka, me ya rage kuma? Ya ce in sha yana kallo, in shanye duka, tunda shi an hana shi. Ya ɗaga nasa ya kurɓa a gabana, ni ma na ɗaga nawa. Ban taɓa shan ruwan da ya yi mini wuyar haɗiya kamar wannan ba, hawaye na zuba a cikin kofin, shi kuma yana cewa sha, sha. Daga ranar har na koma bakin aiki, kullum sai ya sa an kira ni mun sha tare. Bai kai ga ganin hutuna na gaba ba, Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma malamai sun yi mini nasiha a kan haka, na karɓa. Ban kuma rubuto don in ce a yar da kunya ba, ni ma ina so 'yata ta tashi da ita. Abin da na gane shi ne, ladabin da nake yi a lokacin rabinsa don kaina nake yi, don a ce ina da shi. Hankalina yana kan yadda zan durƙusa da yadda zan miƙa, bai taɓa komawa kan leɓɓan mutumin da nake miƙa wa ba. Da na dube shi sau ɗaya kamar yadda ɗa yake duban ubansa, da na gani.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa, musamman mu da ke zaune a ƙasashen nan muna karɓar iyaye da surukai. In za ku fita da babba cikin rana, ku bar masa ruwansa a hannunsa, wannan ba kaya ba ne. Kada ku yarda da ba gajiya, kada ku yarda da da sauƙi, ku dubi jikinsa. In akwai kunya a tsakaninku, kada ku tafi ku biyu kaɗai inda babu na ukun da zai faɗi abin da kuka kasa faɗa. Ni yanzu duk babban da na kai wa ruwa ya ce in ajiye, nakan buɗe murfin in dire a gabansa in ba shi wuri. In na dawo na tarar bai ragu ba, sai in zauna, in ce Baba ba zan tashi ba sai ka sha. Wasu suna cewa zaman Dubai ya lalata ni, ba na musu. Na taɓa yin ladabin da babu wanda ya kushe, na wuni da ruwa a bayana, mahaifin matata yana gabana yana mutuwa da ƙishirwa.